Masu ajiye silindar gas a wurin aiki, ga shawara

Salam 'yan uwa, musamman masu walda, don Allah a daina jingine silinda haka kawai a jikin bango. A tsayar da ita a ɗaure da sarƙa, in ba a amfani da ita a rufe bawul a mayar mata da hularta, domin in ta faɗi kan ya karye wallahi tashi take kamar roka, har bango tana iya fasawa.

Ta oksijin kuma kar a haɗa ta waje ɗaya da ta asitilin (gas ɗin da ake kunnawa wajen walda) ko gas ɗin girki, a bar tazarar kamar mita 6, kuma kar mai ko giris ya taɓa bakinta, wuta na iya tashi ko babu ashana, wannan mutane da yawa suna wasa da shi.

Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, shi ya sa ba a ajiye shi a ɗakin ƙasa ko kusa da kwata. Wurin ya zama iska na shiga, nesa da rana da janareta. In kana zargin yoyo shafa ruwan sabulu, za ka ga kumfa.