Yadda Ake Auna Taurin Ƙwayar Halitta Mai Rai da Sauti

Da farko a raini ƙwayoyin a kan faifan gilashi har su manne sosai, a kuma riƙe ruwan da suke ciki a zafin digiri 37, domin saurin sauti yana sauyawa da zafi. Sai a sauko da bakin na'urar da ke aika sautin ta kuma karɓi amsa-kuwwarsa dab da su, saboda ruwa yana cinye sautin da ake amfani da shi, mai gigahaz 1 (wato mai girgiza sau biliyan ɗaya a daƙiƙa), cikin ɗan tazara. Amsa-kuwwa biyu ake nema, ta saman ƙwayar da ta gilashin ƙarƙashinta, kuma kuskure ne babba a manta da auna gilashin inda babu ƙwaya, domin da amsa-kuwwarsa ake kwatanta sauran biyun. Daga bambancin lokutan dawowarsu ake fitar da kaurin ƙwayar da saurin sauti a cikinta, sannan a lissafa taurinta.