Kurakuran da aka fi yi wajen kiran metod da sunansa ta hanyar rifilekshan

Idan mai rubuta manhaja ya kira metod (wani guntun aiki mai suna a cikin manhaja) kai tsaye, kampaila, wato shirin da ke fassara rubutunsa zuwa abin da kwamfuta ke gudanarwa, ce take duba masa komai tun kafin manhajar ta fara aiki. Da zarar ya koma kiransa da suna, wato rifilekshan, kamar yadda ake yi a Java da getMethod sannan invoke, sunan ya zama rubutu zalla, kuma kampaila ba ta da ta cewa. Daga nan duk kuskuren da aka tafka sai manhaja tana gudana yake fitowa, wataƙila a hannun ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke lissafin kuɗin atamfa alhali mai saye yana tsaye a gabansa.

Abin da ya fi kama sababbin hannu shi ne zaton cewa suna kaɗai ya wadatar. Java tana neman suna tare da ainihin nau'in abin da metod yake karɓa, saboda haka idan wani metod mai suna lissafaRiba yana karɓar int, aka neme shi da Integer.class, za a sami NoSuchMethodException duk da cewa metod ɗin yana nan daram. Gyaran shi ne a rubuta int.class. Haka kuma getMethod ba ya ganin komai sai na public, har da waɗanda aka gada, shi kuwa getDeclaredMethod yana ganin duk abin da ajin (class) ya ayyana da kansa, amma ba ya leƙa ajin da aka gada daga gare shi. Wanda ya samo metod na private kuma sai ya kira setAccessible kafin invoke. Tun daga Java 17 ta shekarar 2021 ma wannan dabarar ba ta buɗe ajujuwan cikin JDK, wato na Java kanta, sai an ƙara --add-opens, wanda a ganina faci ne kawai.

Akwai masu ɓata yini suna binciken InvocationTargetException, wanda invoke ke jefowa idan metod ɗin da aka kira ya ci karo da kuskure, alhali ambulan ne kawai: kuskuren gaskiya yana ciki, kuma getCause ne yake fito da shi. A C# ma haka abin yake, InnerException ake dubawa.

Wanda ya fi cin rai yana samun masu manhajar Android. An gwada komai a waya ya yi aiki lafiya lau, amma da aka haɗa kwafin da za a fitar wa jama'a, aka kunna matse manhaja, sai ta riƙa rufewa da kanta da an taɓa maɓalli. Dalili shi ne R8, shirin da ke matse manhajar Android, magajin ProGuard, yana gajarta sunaye, yana iya mayar da lissafaRiba ya koma harafi ɗaya, ko ya cire shi gaba ɗaya tunda bai ga inda aka kira shi kai tsaye ba, rubutun da aka ba getMethod kuwa yana nan da tsohon suna. Maganin shi ne a sa ƙa'idar keep a cikin proguard-rules.pro, ko a ɗora @Keep a kan metod ɗin, sannan a gwada ainihin wannan kwafin a waya kafin a tura shi Play Store ko a miƙa wa masu sa manhaja a kasuwar Farm Centre.

Ta fuskar sauri, ba a neman metod ɗaya sau dubu a cikin madauki (loop). A nemo shi sau ɗaya a adana.

Mafi haɗari shi ne karɓar sunan metod daga mai amfani ko daga saba (server) a miƙa shi ga getMethod sannan invoke, ko ga getattr a Python, ba tare da tacewa ba. Wanda aka tanadar wa nunaLissafi zai iya turo gogeBashi, manhaja kuma ta aiwatar ba musu. A ajiye jerin sunayen da aka yarda da su a cikin Map, duk sunan da ba ya ciki a ƙi shi, a kuma rubuta shi a kundin kurakurai domin a san wanda ya gwada.