Taron "kowa ya zo da kwanonsa": haɗin mangwaro da kirim, ba sai an kunna wuta ba

Da wuya ki yi wata biyu a ƙasar waje ba a gayyace ki irin taron nan da kowa ke zuwa da nasa abincin ba, ko a wurin aiki, ko a makarantar yara, ko gidan maƙwabta. Ga ki baƙuwa, murhun gidan hayar ma ba ki gama gane kansa ba. Shawarata, 'yar'uwa, ki ce ke za ki kawo kayan zaƙi. Haɗin 'ya'yan itace da kirim, wato maiƙon madara da ake bugawa ya tashi, ba ya ƙonewa, kuma ban taɓa dawowa da saura ba.

Rabin aikin a kanti ake yin sa, wajen karanta jikin kwali. Kirim iri-iri ne jere a firji, sunansa kuma yana sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka lambar kitse za ki duba. In bai kai kashi 30 cikin ɗari ba, ko za ki kwana kina bugawa ba zai tashi ba. Mai nauyin na Amurka daga kashi 36 yake farawa. Na Ingila mai kauri kashi 48 ne, shi kuma saurin kamawa gare shi, kina ɗauke ido ya fara zama man shanu.

Sai abarba. Ɗanyarta, da gwanda da kiwi, suna ɗauke da sinadarin da ke narkar da furotin ɗin madara. Na taɓa yanka ɗanyar abarba na haɗa tun dare, da safe na tarar da ruwa ya kwanta a ƙasan kwano, ga ɗaci kamar an jiƙa magani. Ta gwangwani an riga an dafa ta, zafi ya kashe sinadarin, ita za ki saya. Wasu kan ƙara jelatin don haɗin ya daskare. Ki sani da yawansa daga alade ake samo shi. Ruwan banila na ainihi kuwa, dokar Amurka ta ce sai da barasa aƙalla kashi 35 a ciki. Ni dai duka biyun barinsu nake yi, ƙamshin mangwaro ya wadatar.

Na mutum 8 zuwa 10: kirim mililita 500, rabin gwangwanin madara mai kauri da zaƙi (na giram 397 ɗin nan), mangwaro 3, gwangwanin abarba ɗaya, gurzajjiyar kwakwa da fakitin biskit. Kar launin mangwaro ya ruɗe ki, ɗan matsa shi za ki yi. In da tauri, sa shi a jakar takarda tare da ayaba, ya kwana biyu.

Ki yayyanka 'ya'yan itacen, ki juye su a rariya su tsane sosai, don ruwan nan shi ke ɓata haɗi. Kirim da kwanon bugu su fito daga firji da sanyinsu. Ki buga har sai kin ɗaga maburgi kin ga ya tsaya, sannan ki zuba madarar ki juya a hankali da cokali. A kwanon gilashi, shimfiɗa dakakken biskit, sai kirim, sai 'ya'yan itace, ki maimaita, kwakwa a sama. Ya samu aƙalla awa 4 a firji. In kina son ayaba, bar ta sai za ki fita, ki yayyafa mata lemun tsami don kar ta yi baƙi.

A wurin taron, tambayi mai gida ko da fili a firjinta. Abin madara ba ya wuce awa 2 a kan tebur, in zafi ya haura digiri 32 a ma'aunin Celsius kuwa awa ɗaya ne. Ki kuma ajiye 'yar takarda kusa da kwanon cewa akwai madara, alkama da kwakwa, domin a can wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci sai ya karanta kafin ya ɗiba. Sunanki ma ki manna shi a gindin kwanon, nawa guda biyu har yau ba su dawo ba.