Yadda za a kalli fim ɗin Aislan kan uba da ɗan da suka yi nisa da juna

Mu a Zariya mun saba da fina-finan Indiya da aka juya zuwa Hausa, inda mai fassara yake cike kowane gurbi da magana, har abin da ɗan wasa bai faɗa ba sai ya faɗa masa. Fim ɗin harshen Aislan, ƙasar da ke can arewacin Turai, kuwa yana bukatar wani shiri daban, domin yawancin abin da yake son isarwa a cikin shiru yake. Wanda nake ba da shawarar a fara da shi shi ne Þrestir na Rúnar Rúnarsson, wanda ake samu a intanet da sunan Sparrows. Ya fito a 2015, kuma a shekarar ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na San Sebastián a Sifen. Labarin Ari ne, yaro ɗan shekara 16 da ke zaune da mahaifiyarsa a Rekyabik, babban birnin ƙasar, har ta tashi barin ƙasa da sabon mijinta, aka mayar da shi wurin mahaifinsa a wani garin masunta da ke arewa maso yamma, bayan sun daɗe ba sa tare.

Kafin a gayyaci kowa, babba ɗaya ya fara kallonsa shi kaɗai. Akwai shan giya a ciki, akwai kuma wani cin zarafi mai tayar da hankali kusa da ƙarshe, saboda haka ba na yara ba ne, ba kuma wanda za a kunna a tsakar gida ba ne. Ya rubuta mintocin da za a tsallake. A sauko da fim ɗin tare da fassarar Turanci da ke bin ƙasan allo tun da rana, a cika batirin kwamfuta, kada ɗaukewar wuta ta yanke kallon. Mutum biyar ko shida a zaure ko ɗaki sun isa. Idan akwai wanda bai iya Turanci sosai ba, a bari sai fitowa ta ƙare a tsayar a yi masa bayani da Hausa, kada a riƙa magana a kan muryoyin 'yan wasan.

Mai gabatarwa ya faɗi abubuwa biyu kafin a kunna. Na farko, a can arewacin Aislan rana kusan ba ta faɗuwa a tsakiyar bazararsu, don haka hasken da za a gani a taga zai iya kasancewa na tsakar dare. Na biyu, yawancin mutanen ƙasar ba su da sunan dangi: sunan uba ake ɗauka a ƙara masa "son" ga namiji ko "dóttir" ga mace, kusan yadda muke jingina sunan yaro da na mahaifinsa a rajistar makaranta. Ke nan ɗan da ya rabu da ubansa yana yawo da sunansa duk inda ya je.

Inda ya kamata a fi zuba ido shi ne shirun da ke tsakanin uban da ɗan. Ranar da muka kalla a ɗakin wani abokina a Samaru, wani ɗalibi ya juyo ya ce mini, "Malam, ai wannan kunya ce irin tamu." Na fahimci abin da ya sa ya faɗi haka. A gidajenmu na cikin Birni, uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ɗan kuma yakan cire takalmi ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, Baba," a amsa masa da "Lafiya lau," a wuni a haka. Amma wannan shirun yana da ka'ida, kowa ya san matsayinsa, kuma akwai baffa da kawu da gwaggo da za su isar da abin da baki bai iya faɗa ba. Shirun Ari da mahaifinsa na mutane biyu ne da ba su san ta inda za su fara ba. Don a gane bambancin, a riƙa duba inda kowannensu yake ajiye idonsa a wurin cin abinci, da wanda yake fara tashi, da yadda gidan yake canzawa idan kakar yaron tana nan, domin ita ce take riƙe da zumuncin.

Bayan an gama, a kawo shayi, a ɗan jira kafin a buɗe tattaunawa. Tambaya ɗaya ta wadatar: da a gidanmu ne, wa za a tura ya shiga tsakaninsu? Ba mamaki a cikin masu kallon akwai wanda iyayensa suka rabu yana ƙarami, ya girma a gidan kakanni ko wurin mijin uwa. Idan irin wannan ya yi shiru, kada a matsa masa da tambaya a gaban jama'a. Mai masaukin ya raka shi har bakin titi, ya tsaya tare da shi kafin ya sami abin hawa.