Masu ɗaura wa ƙuru keke, don Allah ku daina barinsa yana sukuwa

Na gaji da maimaita magana a bakin barga, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Yanzu duk yaron da ya samu ɗan ƙurunsa sai ya nufi wajen mai walda a haɗa masa keke mai taya biyu, a shafa fenti, jibi sai ka gan shi a titin Kabuga a nan Kano ya ɗebo yara yana karkaɗa bulala, dokin na sukuwa keken na tsalle, shi kuma yana washe baki wai ana kallonsa. Wallahi duk sanda na ga haka sai gabana ya faɗi, don ni ma na yi, kuma na ji a jikina.

Dokin keke tafiyarsa biyu ce kawai a titi, ko ya taka a hankali ko ya yi sassarfa. A sassarfa ƙafafu bibbiyu suke sauka tare, ta gaba ta dama da ta baya ta hagu, sannan su yi musanya, gadon bayansa a daidaice yake, sandunan keken nan biyu da ke gefe da gefensa ma a zaune. Gudun yawanci kusan kilomita 12 zuwa 13 ne a awa kuma ya ishe ka zuwa ko'ina a garin nan. Da zarar ya sauya zuwa 'yar sukuwar nan mai taku uku, jikinsa gaba ɗaya sai ya riƙa lilo, gaba ta ɗaga baya ta ɗaga, sandunan su bi shi sama da ƙasa, igiyoyin ja su saki su fizge su saki su fizge, ga gudun ya haura kilomita 20. Keken ya fara ƙara kenan a bayansa. Shi kuma doki Allah ya halicce shi da gudun abin da ya biyo shi ta baya, to ga abu na ƙara ya biyo shi, ya ƙara gudu abin ya ƙara gudu, ba ranar da zai tsere masa. Daga nan ba kai kake tuƙi ba.

Nawa ƙurun bidi ne, mai sanyin hali, yara ma suna hawansa. Wata la'asar muna dawowa daga Ɗorayi titi ba kowa, yana sassarfa sai ya ɗan zarce da kansa, na ji daɗin iskar na ƙyale shi. Washegari ma haka, ranar ta uku ma haka. Ashe karatu nake ba shi ban sani ba. Rana ta huɗu ina ɗauke da ɗan yayata, wani mai adaidaita sahu ya matso dab da mu ya danna hon, kafin in ce me doki ya ɗiba. Na ja linzami da ƙarfina, shi kuma ya yi abin da aka hore shi a kai tun yana ƙarami, ya yi zamiya irin ta jahi. A kan sirdi zamiya ado ce. Da keke a baya kuwa, doki ya tsaya keke bai tsaya ba, ya zo ya doke shi a ƙafafun baya, ya yi harbi ƙafarsa ɗaya ta haye sandar, taya ta hau bakin kwalbati muka kife. Yaron ya karye a hannu. Yaya ta zo asibiti ko kallona ba ta yi ba, abin da ta ce kawai, "Kai da na ba ka amana?" Har yau in na tuna sai in ji kunya. Dokin kuwa ya warke amma ko amalanken ruwa ya gani sai ya hau rawar jiki, dole na sayar da shi a wulaƙance.

Wani zai ce ai ya gani a bidiyo Turawan Ingila suna sukuwa da keken doki a gasa. Eh suna yi. Amma ka duba keken da kyau, taya huɗu ne, da birki, ga mutum a tsaye a baya yana karkata jikinsa a duk kwana don kada ya kife, filin a killace, dawakan kuma an daɗe ana horar da su a kan wannan aikin. Kai kuma naka da tayar babur aka yi shi kana tsakiyar 'yan adaidaita. Haba malam.

Abin da nake yi yanzu, taku ɗaya in dokin da na ɗaura wa keke ya yi na sukuwa a nan take nake dawo da shi, ba na jira ya yi na biyu. Murya tukuna, kalma ɗaya da ya saba da ita, sannan in ja in saki in ja in saki, ba a ɗaure masa baki gaba ɗaya. Ya dawo sassarfa sai in sauke shi zuwa tafiya na ɗan lokaci. Kuma dokin da nake sa wa keke ba na ba wa yara shi su je kilisa, ko da sallah ce, ko kuka za su yi. Wasu abokaina suna haɗa wa doki ɗaya hawa da jan keke suna cewa ba komai, su suka sani. Linzamin hawa mai zoben nan da ke kama haɓa ma na daina sa wa dokin keke, ya yi kaifi da yawa, mai laushi nake nema.

Na biyun da ya taimaka wajen kifar da ni, keken ba shi da ɗamarar baya. Faffaɗan madauri ne da ke zagaye cinyoyin doki ta baya a ɗaure shi da sandunan, shi ne birkin keke mai taya biyu, in doki ya rage gudu ko ana gangara shi ke tare nauyin. Wani dattijo a bargarmu ya kalli keken tun ranar farko ya ce min, "Yaro, ina birkinka?" Na yi dariya na ce Baba ai ga linzami. Ku je kasuwar Kurmi wajen masu kayan doki ko dukawa ku kwatanta musu su ɗinka muku, kada ya matse, tafin hannu ya iya shiga tsakani.

Sai masu cire linzami doki na ɗaure da keke wai zai sha ruwa. Kada ka kuskura. A kwance keke tukuna, linzami shi ne na ƙarshen fita. Haka wajen hawa, mai tuƙi ne zai fara shiga da kamazuru a hannu kafin yaro ko amarya su sa ƙafa.

Sabon doki kuma ba a kai shi titi kai tsaye, ni tsohuwar taya nake ɗaura masa ya yi ta ja a fili ina binsa a ƙasa, sati biyu ko fiye, sai ƙarar ta daina damunsa. Lodi ya zauna daidai kan tayoyi, in ya yi gaba ya danne masa baya, in ya yi baya sandunan su ɗaga shi. Kar a cika wa doki ciki da gero alhali kwana uku yana turke, harawa da dusa sun isa. Kwana a tafiya ake shanta, musamman in an yi yayyafi kwalta ta yi santsi. In kuma magariba za ta riske ka a hanya, manna abin nan mai ƙyalli a bayan keken, 'yan babur ba sa ganinka.