Canja watafam da tiyon lagireto a Corolla

Kanikanci nake yi a Farin Gada, nan Jos, kuma motocin da ake kawo min da zafin inji, da yawansu a Hawan Kibo abin ya same su. Mota tana lafiya lau a cikin gari, da ta kama tudu da kaya sai allura ta tashi. Sau da yawa watafam, wato famfon da ke juya ruwa a inji, shi ne ya gaji, ko tiyo ya tsage.

Kafin ka kashe kuɗi, tabbatar tukuna. Akwai ɗan rami a jikin famfon. In ka ga ruwa na tsattsafowa ta nan, ko ya bushe ya bar tabo, sil ɗin ciki, wato robar da ke tare ruwa, ya tafi. Sauke fambel ka girgiza fulin famfon, wato ƙarfen da bel ke hawa, da hannu. In yana rawa ko yana gurnani, boris ya mutu. Tiyo kuwa matsa shi inji na sanyi: wanda ya kumbura, ya yi laɓo-laɓo, ko ya ƙandare, ya gama aiki.

Bayanina kan Corolla ta 2003 zuwa 2008 ne, mai injin 1ZZ, wadda fambel ke juya famfonta daga waje. Peugeot 406 da Camry 2.2 bel ɗin taimin ne ke ja, in ba ka iya saita taimin ba, kai wa mai yi.

Bari inji ya huce sarai, murfin lagireto mai zafi ya sha ƙona fuskar mutane. Cire kan batir na negetif, ka kwance ɗan famfon zubar da ruwa da ke ƙasan lagireto, ka tara roba. Kulant, wato ruwan sanyaya inji, yana da zaƙi amma guba ne, kar ka bar shi inda yara ko akuya za su kai. Ɗauki hoton yadda fambel ya zagaya da wayarka, sannan ka danne tenshona, wato abin da ke ɗame bel, da sufana 19 ka zare fambel ɗin. In hannunka bai samu wuri ba, sauke altaneta.

Kusoshi shida ne ke riƙe da watafam, sufana 10, kuma tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ni kwali nake hudawa in jera su yadda suka fito. Goge mazaunin tas, sa sabon zoben roba da ya zo da famfon, ka ɗan jiƙa shi da kulant. Gam ba shi da aiki a nan, duk da yaran gareji na son lafta shi. Ɓarɓashinsa ne ke zuwa ya toshe lagireto. Ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan. Jikin injin alminiyam ne, ka nuna masa ƙarfi zare ya cinye.

Tiyo: matse kilif da filaya ka ja shi baya, ka murɗa. In ya like, tsaga shi da reza, kar ka zura sukundireba, wuyan lagireton roba ne. Sabon ya shige har ƙarshe, kilif ya zauna bayan ɗan tudun wuyan.

Zuba ruwa ne inda ake yin asara. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, ruwa zalla na tafasa tun wajen digiri 96, ga tsatsa da ruwan rijiya ke haifarwa. Kulant za ka sa, haɗaɗɗe, ko rabi da rabi in mai kauri ne. Kuma don Allah, malam, kar wani ya ce maka a cire tamostat, wato abin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama. Da sanyin Disamba injin zai daɗe bai ɗumama ba, mai kawai zai riƙa sha.

Cika lagireto a hankali, bar murfin a buɗe, kai hita ƙarshen zafi, ka tayar. Riƙa matsa tiyon sama, za ka ga kumfa na fitowa, ruwan na sauka, kana ƙarawa. Da fanka ta tashi kuma hita na busa zafi, iska ta fita. Rufe, ka cika ƙaramin tanki zuwa layi. Washegari da safe kafin ka tayar, sake duba ruwan, ka leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗiga.