Ga masu zuwa ƙidayar ɓeraye da jemagu a Mambila

'Yan uwa ɗalibai da za ku tashi daga Sakkwato zuwa dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, don Allah ku kula da sanyi, daren can ba irin namu ba ne. Ku cusa busasshiyar ciyawa ko auduga cikin kowane tarkon kama ɓera da rai, in ba haka ba da asuba za ku tarar ɓeran ya sandare, abin tausayi. Dakakken ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya isa ya jawo su, sai dai ku kauce wa hanyar tururuwa. Ku ɗana da yamma, ku duba da sassafe.

Jemage kuwa, kada wanda ya cire shi daga raga ba safar hannu, cizonsa na iya kawo cutar haukan kare. Ɓera ma sai da safar hannu da takunkumi, saboda zazzaɓin Lassa.